Albasar Galmi da rufaffiyar gada: nazarin lamarin wani ɗan kasuwa a lokacin ficewar Nijar daga CEDEAO

## Mutumin da sana'arsa kafin Yulin 2023

Ɗan kasuwar da wannan nazari ya bi sawunsa mai sarin albasa ne a yankin Galmi, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi. An sakaya sunansa. Za a riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda direbobinsa da manoman da yake hulɗa da su suke kiransa. Manyan motoci biyu gare shi na kansa, idan kaya sun yi yawa ya ƙara da na haya.

Albasar Galmi ta noman rani ce. Ana dasa ta bayan ɗaukewar damina, a cire ta tsakanin Maris da Mayu, kuma a lokacin kowa na da ita, don haka ba ta da kuɗi. Ribar Alhaji a jira take. Yakan saya da araha lokacin cira, ya zuba a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, sannan daga Yuli ya fara fitarwa kaɗan-kaɗan yayin da farashi yake hawa. Wani kaso yana ruɓewa a rudun, wannan an saba da shi, yana cikin lissafi. Don kada kaya su kufce masa, tun kafin dashe yake ba manoma bashin iri da taki da man injin ban-ruwa, su biya shi da albasa.

Babbar kasuwarsa Ghana ce: Kwadaso a Kumasi, da Adjen Kotoku a bayan Akra, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. A kowace kasuwa yana da maigida, wanda yake karɓar mota, ya raba buhuna ga masu sari, yawanci bashi, ya tattara kuɗi, ya cire la'adarsa, ya aiko da saura.

Hanyar da iyayen gidansa suka bi ita ce ta Yamai, Torodi, Makalondi, a shiga Burkina Faso ta Kancari da Fada Ngurma, a sauka Bitu, a faɗa Ghana ta wajen Bawku. Rashin tsaro a gabashin Burkina ya kashe wannan hanya tun kafin abin da ake magana a kai ya faru. Sai kowa ya koma ta Doso zuwa Gaya, a haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil a Benin, a bi Kandi da Paraku, a ratsa Togo, a shiga Ghana. Idan ba a sami matsala ba, tafiyar ba ta cika wuce mako guda ba.

Alhaji bai taɓa karanta wata yarjejeniya ba, amma uku daga cikin tsare-tsaren CEDEAO, ƙungiyar tattalin arziƙin ƙasashen Afirka ta Yamma wadda a Najeriya da Ghana ake ce wa ECOWAS, su ne suke riƙe da sana'arsa. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ta amince a 1979 cewa ɗan ƙasa memba zai shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90. A shekarar kuma ta fara tsarin da ya ɗauke kuɗin fito daga ɗanyen amfanin gona da aka noma a cikin yankin. Daga 2015 aka sa jadawalin fito guda ga kayan da suka zo daga waje, mai matakai biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin 100, wanda yake kare albasar yankin daga ta Turai. Wannan a rubuce ke nan. A kan hanya, 'yan duwan da jandarma da 'yan sanda ba su daina karɓar na goro a kowane shinge ba, sai dai abin da ake bayarwa sananne ne, direba yana tashi da shi a aljihu.

Akwai kuma ƙungiya ta biyu, UEMOA, ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kodebuwa, Senegal da Gini Bisau. Ita ma ta ɗauke fito tsakanin membobinta. Ghana da Najeriya ba sa ciki. Ke nan takardar da ta haɗa Alhaji da babbar kasuwarsa ɗaya ce tak, ta CEDEAO.

## Yuli zuwa Oktoban 2023: iyaka ta rufe da kaya a hanya

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi: rufe iyakokin ƙasa da na sama, dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, riƙe kadarorin gwamnatin Nijar. Suka ba da wa'adin mako guda a mayar da Bazoum. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarki, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar take amfani da shi.

Mota ɗaya ta Alhaji ta riga ta haye. Ta biyun tana Gaya, cikin dogon layi.

Shawarar farko da ya yanke ita ce a jira. Dalilinsa mai kama hankali ne: an ce mako guda, kuma bai taɓa ganin an rufe gadar ta daɗe ba. Amma albasar da take cikin motar ta riga ta yi wata uku a rudu, ƙarfinta ya kusa ƙarewa, ga damina ta kankama. A ƙarƙashin tamfol, idan aka yi ruwa da dare rana ta buɗe da safe, buhunan tsakiya sukan yi gumi. Albasa ɗaya ta ruɓe ta jiƙa na kusa da ita, ruwan ya bi ta ƙasan buhu ya sauka kan na ƙasa. Kafin a ga komai da ido, hanci ne yake fara sani. Direba da yaron mota suka yi abin da za su iya: su yaye tamfol da rana, su mayar idan hadari ya haɗo, daga baya suka ɗauki 'yan dako aka sauke wani sashe aka baza a ƙasa ana tsincewa. Da wa'adi ya wuce ba a buɗe ba, Alhaji ya ce a sayar a nan. Sai dai duk motar da take layin shawarar da ta yanke ke nan, kasuwar Gaya da ta Doso kuwa ba su da cikin da zai ɗauki albasar da aka nufi Akra da ita. Abin da aka samu bai mayar da kuɗin saye ba, balle na mota.

A daidai wannan lokaci farashin albasa a Ghana ya yi tashin gwauron zabi saboda ƙarancinta. Motar da ta haye ta faɗa cikin wannan kasuwa, ta ci riba mai kyau. Amma kuɗin ya maƙale. Babban bankin yankin, BCEAO, ya rufe rassansa a Nijar, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira, aiko da kuɗi ta banki daga waje ya tsaya. Alhaji yana da kuɗi a Kumasi, yana da albasa a rudu, ga manoma sun fara zuwa neman bashin dashe, shi kuwa hannunsa babu tsaba.

Ba shi kaɗai ba ne. Kafin rufewar, kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da Nijar take shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano da ke Benin suke biyowa. A watan Oktoba gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100.

## Ƙarshen 2023: Illela da kwale-kwale

Abu biyu ya gwada don ya fitar da sauran albasar.

Na farko, Najeriya. Galmi ba ta da nisa da Ƙonni, Ƙonni kuma da Illela kamar gari ɗaya ne. Iyakar a rufe take, amma ƙananan motoci da babura suna bi ta daji. Ya tura 'yan buhuna ta haka. Ba ta yi ba. Sakkwato da Kabi suna da tasu albasar, Aliero kaɗai ta isa misali, saboda haka ba ƙishirwar kaya ake yi ba. Babbar matsalar ma canji ce. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Duk wanda ya saya da sefa ya sayar da naira, ya kuma ba da bashin mako biyu, kafin kuɗin su dawo hannunsa sun rame. Bayan 'yan zuwa kaɗan ya bari.

Na biyu, kogi. Gada ce aka rufe, ruwa yana nan. Tun makonnin farko masu kwale-kwale suka fara fito da mutane da kaya tsakanin Gaya da Malanbil. Tsarin shi ne mota ta sauke a wannan gaɓa, 'yan dako su kai buhuna cikin jirgi, a haye, wasu 'yan dakon su fitar, a loda wa motar Benin. Kaya sun riƙa isa Ghana ta haka, kuma da wuri. Amma kuɗin ya ninku ta ko'ina: hayar mota biyu maimakon ɗaya, dako sau biyu, kuɗin jirgi, da abin da ake ba masu kaki a gaɓa biyu, wanda yanzu ba shi da ƙa'ida tunda hanyar kanta ba ta kan ƙa'ida. Ga kuma buhun. Buhun albasar Galmi na fatauci ƙato ne, yakan haura kilo 100, a cika shi har a ɗinka masa hula. An yi shi ne don a loda sau ɗaya a sauke sau ɗaya. A bakin kogi kuwa sai ɗan dako ya jefar da shi daga kafaɗa zuwa cikin jirgi, a taka shi, gindinsa ya sha ruwa, a sake jefa shi a mota. Albasar da ta bugu ba ta nunawa a ranar, sai bayan kwana uku a Kumasi, maigida ya kira ya ce an buɗe buhu an tarar da kashi ɗaya cikin kaza ya tafi, masu sari sun ce sai an yi musu ragi.

Matsalar kuɗin da suka maƙale ta warware ta tsohuwar hanya. Wani ɗan kasuwa a Ƙonni da yake sayo kaya daga Ghana yana bukatar sidi, kuɗin Ghana, a can, Alhaji yana bukatar sefa a nan. Maigidan Kumasi ya miƙa wa wakilin wancan, shi kuma ya ƙirga wa Alhaji a gida. Ba takarda, sai waya da shaidu. Da wannan ya ba manoma bashin dashe, amma bai kai ga kowa ba.

## Janairu zuwa Mayun 2024: an ɗage takunkumi, gada ba ta buɗe ba

Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, tun 16 ga Satumba 2023, suka sanar da ficewa daga CEDEAO, suka ce nan take. Ƙungiyar ta ce sashe na 91 na yarjejeniyarta ya tanadi sanarwar shekara guda. A tashar albasa maganar da aka riƙa yi ita ce biza da fito: shin direba zai nemi biza kafin ya shiga Ghana, shin albasar Galmi za ta koma kayan waje a sa mata haraji daidai da ta Holan.

Ranar 24 ga Fabrairu CEDEAO ta ɗage takunkumin. Ranar 13 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Najeriya, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga Maris. Benin ma ta janye shingenta a Malanbil. Wannan ya zo daidai da cirar albasa, Alhaji ya ɗauka saura gada, kwana kaɗan ne. Ya ci bashi ya cika rudu kamar shekarun baya.

Nijar ba ta buɗe ba. Kwantenoni suka ci gaba da tare gadar ta ɓangarenta. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya ce dalilin tsaro ne, ya zargi Benin da ba sojojin Faransa mazauni, Benin ta musanta. A watan Mayu rigimar ta haɗa da man fetur, lokacin da Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana lodin ɗanyen man Nijar a tashar ruwan Seme, ƙarshen bututun da ya taso daga Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000. A cikin watan aka tsaurara har kan masu fito a kogi na wani lokaci. Hanyar kwale-kwalen da Alhaji ya fara sabawa da ita ta zama yau a buɗe, gobe a rufe.

## Daminar 2024: ayarin Tera

Hanyar da hukuma ta amince da ita ita ce ta Burkina ta arewa: Yamai, Tera, Dori, Kaya, Wagadugu. Daga nan mai zuwa Lome ya yi kudu maso gabas, mai zuwa Ghana ya bi Po ya shiga ta Paga, ya wuce Bolgatanga da Tamale zuwa Kumasi. Tsakanin Tera da Kaya mota ba ta tafiya ita kaɗai. Sai an tara ɗaruruwa, sojoji su yi rakiya, kuma ba a sanar da ranar tashi saboda kada labari ya kai ga masu kai hari. Duk da rakiyar an sha kai wa ayari farmaki, an kashe direbobi, an ƙona motoci.

Ga mai shinkafa ko siminti ko kwantenar kayan masarufi, jiran makonni asarar kuɗi ne, amma kayan suna nan. Alhaji ya sa motarsa ɗaya a ayari a cikin damina, da albasar rudu. Abin da ya faru a Gaya a 2023 shi ya sake faruwa, wannan karon a wurin da ba kasuwar da za a karyar, ba kuma halin a sauke a baza. Motar ta isa Kumasi, amma abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Direban da ya dawo ya roƙi Alhaji ya yafe masa wannan hanya, ya ce yana da iyali. Alhaji bai matsa masa ba. Direbobin haya da suka yarda su bi sun sa kuɗin da ya haɗa da na ransu.

Akwai wata asarar da ba ta fito a lissafin mota ba. Maigidan Kumasi yana da masu sari da suke jiran kaya kowane mako, ba zai zauna jiran ayari ba. Ya fara karɓar albasar Najeriya da ta Burkina. Da motar Alhaji ta iso, sai ta bi layi a gidan da a da ita ake fara saukewa.

A ƙarshen daminar ya sayar da mota ɗaya ya biya bashin da ya ci a watan Maris.

## Oktoban 2024: wake

Tunaninsa a nan mai sauƙi ne. Tunda jira ne yake kashe shi, bari ya nemi kayan da suke jure jira. Wake yana da kasuwa a Ghana da Najeriya, kuma idan an adana shi da kyau yakan yi watanni. Da kaka ta fara ya sa sauran kuɗin motar a wake. A tsakiyar Oktoba gwamnati ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, don a sauko da farashin abinci a gida. Albasa ba ta cikin jerin. Ya sayar da waken a cikin gida, a kasuwar da ta cika da masu irin niyyarsa. Uwar kuɗi ta dawo da ƙyar, riba babu.

## 29 ga Janairu 2025: ranar ficewa

Ranar da aka shekara ana fargaba ta zo ta wuce, a tashar albasa ba abin da ya canza.

Tun a watan Disamba ƙasashen AES suka ce 'yan CEDEAO za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. A ranar ficewar kanta hukumar CEDEAO, ƙarƙashin Omar Alieu Touray, ta umarci membobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin tsarin da ya ɗauke fito, har sai an sanar da wani abu daban. AES ta fito da nata fasfon, tsohon kuma yana aiki har ya ƙare. Nijar ba ta fita daga UEMOA ba, sefa tana nan.

Sabon abu ɗaya da ya shafi aljihu ya zo a ƙarshen Maris 2025: harajin kashi 0.5 cikin 100 da AES ta sa wa kayan da ake shigowa da su, don ta riƙa gudanar da ayyukanta. CEDEAO ma dama tana karɓar kashi 0.5 a kan kayan da suka fito daga wajen yankinta. Wannan haraji na shigowa ne, bai taɓa albasar da take fita ba. Inda zai iya samun Alhaji shi ne kayan da mota take dawowa da su, kuma a kan kayan sefa miliyan 10 abin da zai biya sefa 50,000 ne, wato jika hamsin. Buhunan da suke lalacewa a fito ɗaya na kogi sun fi haka.

## Kakar 2025: tsarin da ya zauna

A wannan kaka Alhaji ya daina lissafi da ranar da za a buɗe gada. Ya sake tsara sana'ar a kan cewa a rufe take.

Babban canjin shi ne ya raba tafiyar gida biyu. Ya yi yarjejeniya da wani ɗan uwan matarsa da yake zaune a Malanbil, mai hulɗa da motocin Benin. Motar Alhaji iyakarta Gaya, ta sauke ta juyo. Daga gaɓar can, kaya suna hannun abokin, riba da asara a raba. Ba a tashin mota daga Galmi sai abokin ya kira ya ce kogi a buɗe yake kuma ga mota tsaye tana jira. Da wannan kaɗai aka kashe mafi yawan kwanakin da albasa take yi a ƙarƙashin tamfol. Ribar kowane buhu ta ragu tunda an sami mai raba ta, amma motar da ta rage tana zuwa sau da yawa, kuma ba ta ƙara kwana a inda Alhaji ba ya iya kai hannu.

Sai buhu. Kayan da za su bi kogi ya koma zuba su a ƙananan buhunan raga, waɗanda mutum ɗaya zai ɗauka ya ajiye ba jifa, iska kuma tana shiga. Masu sari a Kumasi sun yi gunaguni da farko, domin da babban buhu suka saba yin ciniki, har sai da suka ga ba a zubar da komai idan an buɗe. Ya kuma tsananta tsincewa tun a Galmi. Wadda wuyanta bai bushe sarai ba, da wadda ta sami rauni wajen cira, da manya-manyan nan masu ruwa, duk a gida ake sayar da su. Matsakaiciya mai ƙarfi, busasshiya, ita take tafiya.

Ya juya kalandarsa ma. Yanzu yakan fitar da kaso mai yawa a Afrilu da Mayu, lokacin da albasa take da sauran ƙarfi kuma ba ruwan sama, ko da farashi bai hau ba. Abin da yake ajiyewa a rudu ya ragu sosai. Wato ya saki wani sashe na ribar jira, wadda ita ce asalin sana'ar, don ya rage kasada. Ayarin Tera bai sake sa albasar rudu a cikinsa ba.

Wani kaso na kayan kuma ya daina kai shi Ghana, abokin yana sayarwa a Kwatano da Lome. Kasuwannin ba su kai na Ghana girma ba, amma da sefa ake biya, ba canji, kuma suna ƙarƙashin UEMOA wadda Nijar take ciki har yanzu. A Ghanar ma sa'a ta taimaka: sidi, wanda ya faɗi a 2024, ya farfaɗo a 2025, daga wajen 15 a kan dala a farkon shekara zuwa wajen 10 a tsakiyarta, don haka kuɗin da maigida yake aikowa sun ƙara auki. Wannan ba dabarar Alhaji ba ce.

A ƙarshen kakar ya fita ba bashi a kansa, karo na farko tun 2023. Mota ɗaya gare shi maimakon biyu. Manoman da yake ba bashin dashe sun ragu, kuma kuɗin da yake saye a hannunsu ya yi la'akari da dako biyu da jirgi da rabon abokin Malanbil.

## Hukunci

Idan aka jera asarar Alhaji aka tambayi wacce ce ficewar kanta ta jawo, wato canjin doka na 29 ga Janairu 2025, amsar ita ce kusan babu. Motar Gaya takunkumi ne ya ci ta, tun Nijar tana cikakkiyar memba. Albasar ayari da motar da aka sayar, rufe gada ne, wanda Yamai ce ta zaɓe shi bayan an ɗage takunkumi. Wake kuwa dokar cikin gida ce. Masu cewa ficewa ta durƙusar da fatauci suna haɗa abubuwa uku su ba su suna ɗaya.

Amma masu cewa an fita ba a yi asarar komai ba su ma ba su faɗi daidai ba, saboda dalili biyu. Na farko, takunkumi da ficewa da rufe gada duk 'ya'yan rigima ɗaya ne, kuma ficewar ta ɗauke zauren da a da ake zama a kashe irin wannan wuta. Rigimar Nijar da Benin ta koma hannun masu shiga tsakani, har da tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, da suka je Yamai a tsakiyar 2024, gadar kuma ba ta buɗe ba. Na biyu, abin da a da haƙƙi ne yanzu alfarma ce. Albasar Galmi tana shiga Ghana ba fito ne saboda wata sanarwa da ta ce har sai an sanar da wani abu daban. Ɗan kasuwa ba ya sayen sabuwar mota ko ya faɗaɗa bashin manoma a kan irin wannan magana, kuma Alhaji bai yi ba. Muritaniya ta fice daga ƙungiyar a 2000, sai a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ita. Tattaunawar AES da CEDEAO an buɗe ta ne a Bamako a watan Mayun 2025.

Cikin abin da ya gwada, waɗanda suka faɗi suna da hali ɗaya: jira a Gaya, cika rudu a Maris 2024, shiga ayari da tsohuwar albasa, sayen wake, duk caca ce a kan abin da hukuma za ta yi gobe. Waɗanda suka yi aiki su ne waɗanda suka rage kwanakin da kaya suke yi a hanya, suka kuma dogara da mutanen da ya sani a ɗaya gaɓar. A ra'ayin wannan nazari, abin da ya fi kare shi daga cikin tsare-tsaren hukuma shi ne wanda ba a fita daga cikinsa ba, wato UEMOA da sefa. Da an haɗa ficewar da canjin kuɗi, da Kwatano da Lome ba su zama masa mafaka ba.

Alƙaluman ƙasa ba sa nuna wannan. Tattalin arziƙin Nijar ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 kacal a 2023, sannan ya haura kashi 8 a 2024, galibi saboda fara fitar da man fetur ta bututun da ya ratsa Benin ɗin nan da albasa ba ta iya shiga ta gada. Kuɗin da rufewar ta ƙara wa kowane buhu bai ɓace ba, an raba shi ne. Alhaji ya ɗauki nasa da motar da ya sayar, mai saye a Kumasi yana biyan nasa a kasuwa, kaso mai nauyi kuma ya sauka kan manomin Galmi, wanda ake saye a hannunsa da rahusa kuma ba shi da wata hanyar da zai canza. Wasu daga cikin waɗanda Alhaji ya daina ba bashi sun rage fili, wasu sun koma wajen masu ba da bashi da sharaɗi mafi tsanani. Har zuwa ƙarshen 2025 gadar Gaya a rufe take, kuma bashin dashen da Alhaji ya raba na kakar 2026 daidai da abin da mota ɗaya da kwale-kwale za su iya fitarwa ne.